Amsa ga Baba Alhaji: Me Ɗan Gombe Zai Ci da Tarihin Sin da Iraƙi?

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zangon da ya wuce kun miƙe kun yi mini tambaya, lokaci kuma bai bari na amsa yadda ya kamata ba. Tunda a bainar jama'a kuka yi ta, na kuma ga iyaye da dama suna gyaɗa kai, ya dace amsar ma ta fito fili. Kun ce jikanku yana dawowa gida da labarin mutanen Iraƙi na dā da na Sin, littafinsa cike da kanun darussa irin su noma, fatauci, rubutu da mulki, amma da kuka ce ya jero muku sarakunan Gombe daga Bubayero, a na biyu ya cije. Kuka ce wane irin tarihi ne wannan, ba sarki bayan sarki, ba shekara bayan shekara? Kuma me ɗan Gombe zai ci da shi?

A kan sarakuna maganarku dutse ce. Yaron da aka haifa a Jekadafari ko Bolari ya kamata ya san Bubayero da Kwairanga, ya san an taso da fadar daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Kar mu manta kuma an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, ya yi shekaru a waje kafin a dawo da shi, don haka yayyen waɗannan yara ma ba su da abin da za su gaya musu. Muna koyar da jerin, za mu kuma ƙara matsa musu. Inda nake roƙon ku saurare ni shi ne, jerin sarakuna yana gaya wa yaro wane ne ya hau, wane ne ya bi shi. In ya tambayi dalili, jerin ba ya magana.

Ku ɗauki Bormi, nan kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye. In na koyar da shi a jere, layi ɗaya ne: a watan Yulin 1903 sojojin Ingila suka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya faɗi a can tare da ɗimbin jama'arsa. Yaro zai haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci makinsa. To, ranar da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya aka yi Turawa 'yan tsiraru da sojan haya suka fi ƙarfin daular da ta kai shekara ɗari?" me zan ce masa? Dole in kai shi Jamus, inda ƙasashen Turai suka zauna a 1884 zuwa 1885 suka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka don kada su yaƙi juna. Dole in kai shi masana'antun Ingila da suka ƙera bindiga mai fesa ɗaruruwan harsasai a minti ɗaya. Ita ce ta karya rundunar mabiya Mahadi a Omdurman ta Sudan a 1898, da ita kuma aka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903. Yaron da ya ga waɗannan kusa da juna ba zai taso yana zaton kakanninsa ragwaye ne ba. Zai gane guguwa ce guda ta bi ta kan duniya, mu ma ta same mu. Waɗanda suka tsira daga Bormi kuwa, da yawansu gabas suka nausa, jikokinsu na nan a garin Mai Wurno na Sudan a bakin kogin Nilu. Kun ga tarihin Funakaye ya fita Nijeriya ko muna so ko ba ma so.

Akwai darasin da na so a ce kuna zaune a bayan aji ranar da muka yi shi. Wani alaramma maƙwabcina ya ara mini warƙa guda daga wani tsohon littafin fiƙihu, rubutun hannu, wanda ya gada wurin kakansa yana adane a gafaka. Takardar ta yi ja-ja-ja, gefenta ya ɗan ci, tawadar kuwa tana nan raɗau. Na ɗaga ta saitin taga, na ce yara su zo ɗaya bayan ɗaya. A cikin jikin takardar, inda ido ba ya gani sai haske ya ratsa, ga jinjirin wata guda uku a jere, babba, matsakaici, ƙarami. Nan take suka ce ai daga Makka ta zo. Na ce a'a, a arewacin Italiya ake yin irinta, Kiristoci ne masu masana'antar, sun sa jinjirin wata ne don sun san Musulmi ne masu saye. Daga can jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus ko Masar, raƙumi ya ƙetaro da ita Sahara zuwa Kano ko Kukawa, fatake suka ƙaraso da ita hannun malaminmu.

Sai muka bi sawun takarda da baya. Turai a hannun Musulmi ta koyi yin ta. Musulmi sun same ta daga Sin ta hanyar Samarƙandu a tsakiyar ƙarni na 8, kafin ƙarnin ya ƙare ana yin ta a Bagadaza, kuma arharta na cikin abin da ya sa littattafai suka yawaita a zamanin Abbasiyawa. A Sin kuwa tun wajen shekara ta 105 miladiyya aka rubuta labarin yin ta. Muka ƙara komawa baya har birnin Uruk na kudancin Iraƙi, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, inda ake rubutu a kan laka. Abin da ya fi ɗaure wa yaran kai shi ne yawancin waɗancan rubuce-rubuce na farko lissafi ne: mudun sha'ir nawa aka karɓa, tumaki nawa aka shigar. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe kamar rasidin jangali ne." Wallahi Baba, na fi jin daɗin wannan magana a kan maki ɗari, domin ita da kanta ta gano cewa duk inda hukuma ta tsaya da ƙafarta, ƙidaya da haraji da rubutu suna biye da ita. Wannan shi ne jigon rubutu da kuka gani a littafin jikanku.

Na noma ma haka yake, sai dai shi a tukunya yake. Gyaɗa, masara, rogo, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro ba sai bayan da jiragen Turawa suka isa can a 1492. Dawa da gero kuwa namu ne, a Afirka aka fara noma su, daga nan suka isa Indiya tun fiye da shekara 3,000. Mun karɓa, mun kuma bayar.

Hanyar tekun da ta kawo gyaɗa ita ce ta kwashi mutane, kuma wannan ba na ɓoye wa yara shi. Hausawan da aka sayar suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Barazil sun yi wa iyayengijinsu bore a 1814, a boren Musulmi na 1835 kuma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Daga nan tilas mu waiwayo gida mu tambayi ta yaya suka kai bakin teku, su wa suka kama su. A ajina akwai Bafulatani, akwai ɗan Tangale, ɗan Tera, ɗan Waja, ɗan Bolewa. Jerin sarakunan masarauta ɗaya labarin gida ɗaya ne, ga wasu yaran ma labarin waɗanda suka kawo wa kakanninsu hari ne. Amma in na ce yau za mu duba yadda mutane ke rayuwa a kan duwatsu, sai ɗan Tula ya tashi ya bayyana yadda ake jera duwatsu hawa-hawa don riƙe ƙasa da ruwa a gona, mu ɗora nasa kusa da na mutanen Yaman da na Inka a Amurka ta Kudu. Ranar kowa a ajin yana da kaka a cikin tarihi, ba wanda aka ce wa nasa ba su waye ba. Ni dai ban yarda da koyar da manyan al'ummu a matsayin gasa ta wa ya fi wa ba, kuma littafin da ya zo mini da wannan salo gefe nake ajiye shi.

Na ji wani a taron yana cewa wannan tsari ne na Turawa. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma a cikinta ya soki marubutan da ke kwafo labaran sarakuna ba tare da sun auna su da hankali ba. Ya zauna ya duba zaman makiyaya da na birni, haɗin kan dangi, haraji, sana'o'i, da dalilin da ya sa daula kan yi ƙarfi sannan jin daɗi ya kassara jikokin waɗanda suka kafa ta. Malamanmu na zaure sun san sunansa tun kafin a gina makarantar boko a ƙasar nan.

Tsoronku dai yana da tushe. In aka sake wa yaro jigogi ba shekaru, zai iya ɗaukar Fir'auna da Mansa Musa ya zaunar da su a zamani ɗaya. Kun fi ni sanin saƙa: shekaru su ne zaren tsaye, jigogi su ne abawa, in babu ɗaya ba a samun zane. Shi ya sa a bangon ajinmu akwai dogon layi na shekaru, duk abin da muka karanta sai an manna shi a gurbinsa, kuma 1804 da aka fara jihadin Shehu da 1903 da 1996 da aka ƙirƙiro jihar Gombe suna kan layin tare da na Rum da na Sin.

Zango mai zuwa jigonmu auduga ne. Za mu taso daga masaƙun Indiya, mu bi ta injinan saƙa na Lankasha a Ingila, mu ga yadda yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke musu auduga har Ingila ta shiga neman wasu gonakin, mu sauka a kan layin dogon da ya iso Gombe a 1963. Abin da babu a littafina shi ne yadda ranar awo take a kasuwar auduga, yadda ake tantance lamba ɗaya da lamba biyu, da abin da manomi ke komawa gida da shi bayan an biya. Ku kun gani da idonku. Ina roƙon ku ba mu awa guda a duk ranar Larabar da ta yi muku, zan turo a ɗauko ku, jikanku kuma shi zai riƙa rubuta abin da kuka faɗa.

Allah ya ja kwana.

Ɗanku,
Malamin tarihi, Gombe