Barka da Sallah daga Bronx, da Maganar Abba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, barkanmu da Sallah. Ina fata an sauko Idi lafiya, ƙafar Hajiya kuma da sauƙi. Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Ragonmu a wata gona ta New Jersey aka yanka shi, sai la'asar naman ya iso, don nan ba mai barin ka ka kayar da rago a ƙofar gida. Maman Abba na can tana suya, falo ya cika da yaran maƙwabtanmu 'yan Kumasi da 'yan Yamai.

Saƙon Hajiya ya iso, wai an gaya mata Abba ya watsar da karatu ya bi 'yan ƙwallo. Ba haka ba ne. Karatu ya kammala. Alƙalancin wasan besbol yake so ya riƙe sana'a, kuma tun yana sakandare yake yi wa yara alƙalanci ana ba shi na kashewa. Na ga gara in rubuto ka karanta mata a tsanake.

Wasan dai jifa ne da duka. Wani ya jefo ƙwallo mai taurin gaske, wani ya tare ta da sanda, a bayansa mai cafewa na tsugune. Alƙali kuma yana bayan mai cafewar, ya rufe fuska da raga ta ƙarfe, ya sa garkuwa a ƙirji. A ƙasa akwai farin faifan roba mai faɗin inci 17. Aikinsa ya faɗi nan take ko ƙwallon ta bi ta saman faifan, tsakanin gwiwar mai duka da ƙirjinsa, ko ta kauce. Gudunta kuwa yakan haura kilomita 150 a awa, wasu jifan ma lanƙwasa suke yi dab da isowa. Hukunci irin wannan yakan yanke fiye da 100 a wasa guda, yana duƙe wajen awa uku, jama'a na zagin sa daga sama. Sauran alƙalai uku suna tsaye a kusurwoyin fili, in mai duka ya buga ƙwallo ya ruga zuwa kusurwa, su ke faɗin wanda ya riga isa, shi ko ƙwallon. Kullum juyawa suke yi, wanda ya duƙa yau gobe ya huta da duƙo.

Kuɗi akwai, amma a can ƙoli. Alƙalan babbar gasa ta MLB albashin sabon shiga ya haura dala dubu 100 a shekara. Sai dai kujerun 76 ne kacal, tawaga 19 ta mutum hurhuɗu, kuma ba a tashi da wuri. Joe West sai da ya yi wasa 5,460 kafin ya ajiye a 2021. Kamar jiran gadon sarauta ne, sai wani ya kauce.

Hanyar kuma doguwa ce. Hukumar gasar kan yi gwajin kwana guda kyauta a garuruwa, waɗanda aka zaɓa a kai su Vero Beach a jihar Florida cikin Janairu su yi wata guda ana horar da su. Wanda ya tsallake sai ya fara daga ƙananan gasa, alƙali biyu a fili, mota ɗaya, daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, albashin kuma na watannin wasa ne kawai, ba ya riƙe gida. Da sanyi ya shigo sai a nemi wani aikin. Mataki huɗu ne kafin babbar gasa, galibi shekara 8 zuwa 10, kuma mafi yawa a hanya ake sallamar su. Wannan na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye.

Shi kuma da hujjojinsa. Ya kawo mini Emmett Ashford, baƙar fata na farko da ya yi alƙalanci a babbar gasa. Ma'aikacin gidan waya ne a Los Angeles, ya bar aikin a 1951, bai samu shiga ba sai 1966, yana da shekara 51. Ya kawo Jen Pawol, wadda ta fara a 2016, ta yi wasa fiye da 1,200 a ƙananan gasa, sannan ranar 9 ga Agusta 2025 a Atlanta ta zama mace ta farko da ta yi alƙalanci a babbar gasa. Na ce da shi, ai su ne hujjata, ba taka ba.

Abin da ya sassauta mini zuciya labarin alƙali Jim Joyce ne. Ranar 2 ga Yuni 2010 a Detroit, wani mai jifa ɗan Benezuwela, Armando Galarraga, ya fitar da mutum 26 a jere ba wanda ya kai kusurwar farko. Saura ɗaya ya kafa tarihin da ba a yi sau 30 ba tun da aka fara gasar. Joyce ya ce na ƙarshen ya riga ƙwallo isa, alhali bai riga ba. Da ya ga hoton bayan wasa, da kansa ya nemi ganin yaron ya ba shi haƙuri, ya fito gaban 'yan jarida ya ce laifinsa ne. Washegari suka haɗu a fili suka gaisa, dattijon na share hawaye. Abba ya ce irin wannan mutum yake so ya zama. Ka san halinsa tun yana ƙarami, in ya ga gaskiya ko uwarsa ba ya ragawa.

Yanzu ma na'ura ta shigo. Tun 2014 ake iya duba wasu hukunce-hukuncen a bidiyo daga wani ofis a nan New York, daga kakar 2026 kuma ɗan wasa na iya taɓa hularsa ya ƙalubalanci alƙalin bayan faifai, kyamara ta raba gardama a gaban kowa. Ni a ganina wannan ya rage zagi, amma ya ƙara tonon silili.

Damuwata ta gaskiya yawon ne. Ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, rabi a gida. Alƙali ba shi da gida, daga otal sai filin jirgi, tun daga bazara har Oktoba. Sallar Juma'a, azumi, abincin halal, aure, duk sai ya yi da gaske. Mun yi yarjejeniya: shekara uku, in bai matsa gaba ba ya dawo ga takardarsa.

Don haka Yaya, ka lallaɓa mini Hajiya ta sa masa albarka kafin ya tafi gwajin. Maganarka ta fi tawa shiga wurinta. In ta amince, ka kira mu ta WhatsApp ta faɗa masa da bakinta.

Na turo goron Sallar yara ta hannun da aka saba, a raba har da na gidan Gwaggo. Kilishin da Yaya Babba ta ce za ta aiko a bar shi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace. A gaida Baffa da Malam Liman da duk mutanen zaure.

Wassalam,
Ƙaninka