Burina na Zama Likitar Mata da Tafiyar da Nake Fatan Yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in bayyana burin da na sa a gaba, saboda na lura cewa idan aka tambayi ɗalibi makomarsa, yawanci sunan sana'a yake ambata da sunan ƙasar da yake son zuwa, ba tare da ya san abin da ya haɗa su ba.

Ni ɗaliba ce a aji uku na karatun likitanci, kuma na san cewa bayan na kammala shekara shida ɗin nan akwai aikin horo a asibiti, sannan wasu shekarun na ƙwarewa kafin in zama likitar mata da haihuwa. Tsawon wannan hanya bai karya mini gwiwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 287,000 suka rasu sanadiyyar juna biyu ko haihuwa, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari nasu a Afirka kudu da Sahara suke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san musabbabin yawancin wannan asara, kamar zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da doguwar naƙuda, kuma duk ana iya shawo kansu idan ƙwararren ma'aikaci yana kusa a kan lokaci.

Fannin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne gyaran yoyon fitsari. Idan mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda ba a yi mata tiyata ba, kan jariri yakan danne mafitsara har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba ba ƙaƙƙautawa. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa, ita kuma uwar ta koma zaman kaɗaici cikin kunya. Ranar da na fara ganin irin wannan mara lafiya a ɗakin jinya, yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, kuma tun daga ranar na daina ruwan ido game da fannin da zan bi.

A nan ne maganar tafiya ta shigo. Da yawa daga cikin abokan karatuna Ingila ko Amurka suke hange, kuma ban ga laifinsu ba, domin kowa ya san abin da ke damunsa. Ni kuwa Adis Ababa nake son zuwa, inda Dakta Catherine Hamlin, 'yar ƙasar Ostareliya, da mijinta Dakta Reginald suka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 1974, bayan sun isa Habasha tun 1959. Ta zauna a can tana wannan aiki har ta rasu a 2020, kuma likitoci daga ƙasashe da dama sun koyi wannan tiyata a asibitin. Fatana in je in koya a hannun waɗanda ta horar, in dawo in yi aiki inda matan suke, in kuma koyar da na bayana.

Roƙona ga jaridarka shi ne ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, inda likitoci da injiniyoyi da malamai za su riƙa bayyana wa ɗalibai darussan da ake buƙata, da yawan shekarun karatu, da wuraren da ake samun horo, domin ni sai da na shiga jami'a na san yawancin waɗannan abubuwa.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarka.

Taku,
Wata ɗaliba mai karatun likitanci