A riƙa faɗa wa maniyyata tsawon tafiyar Kano zuwa Jidda

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi kira ga masu shirya tafiyar aikin Hajji da Umara. A wurin bita ana koya wa maniyyata ɗaura harami da ɗawafi da jifa, amma ban taɓa jin an zauna an gaya musu awa nawa za su yi a sama ba.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, idan aka miƙe, kimanin kilomita 3,400 ne. A da jirgi kan ratsa ta saman Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya ya sauka, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Haka na sani lokacin da na je Umara, kuma haka na gaya wa mahaifiyata da na raka ta Hajjin 2023 ta jirgin yawo. Ejan ɗinmu ma cewa ya yi, "Hajiya, kafin ki farka daga barci kun sauka."

Ashe tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun shekarar an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage su yi kewaye. Kusan awa bakwai muka yi. Hajiya tana da ciwon suga, ga ciwon gwiwa. Maganinta na saka shi a babbar jaka da aka auna aka shigar ƙarƙashin jirgi, don na ɗauka tafiyar ba ta kai a buƙace shi ba. Bayan awa biyar na ga hannunta yana rawa a kan carbi, ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga. Wata baiwar Allah da ke kujerar baya ce ta miƙo mana dabino uku daga bakin mayafinta. Har gobe ina yi mata addu'a.

Sai kuma batun agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti na can ne. Ƙannena a gida ba su san haka ba, lissafi ya rikice musu, suka kwana suna buga wayar da ke kashe.

Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu sai sun shekara a hanya, amma sun san abin da ke gabansu, sun yi guzuri daidai da shi. Ina roƙon hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo su sa wannan a cikin bita: hanyar da jirgi zai bi, awa nawa, bambancin agogo, da cewa magani da ɗan abin taɓawa a jakar hannu ake riƙe su.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano.