A rika yi wa masu juna biyu bayanin maiko, ba karin jini kadai ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani dan fili a shafinku na wasiku inyi magana akan wani abu daya dade yana cin raina, wato maikon da mace take ci lokacin da take dauke da juna biyu. Ni uwa ce, haihuwata uku, kuma duk zuwa awon da nayi maganar karin jini ce da hawan jini da rage gishiri, duk daidai ne ban ce a'a ba, amma wallahi ko sau daya ba wanda ya zaunar dani yace ga irin man da zaki ci ga wanda zaki rage. Sai daga baya na karanta na gane ashe abinda uwa ta ci a wata taran nan yana iya bin yaro har girmansa, ya taba yadda jikinsa zai rika sarrafa suga da kitse.

Maganar ba sabuwa bace. Tun a shekarun 1980 wani likita dan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun haihuwa ya gano wadanda aka haifa da karancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Haka yaran da iyayensu mata suka yi goyon cikinsu a yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, da suka girma an fi samun kiba da matsalar suga a cikinsu. Toh idan rashi yana barin tabo, yawa fa?

Nan ne abin ya tsorata ni. A jihar Oregon ta Amurka anyi bincike akan birai, aka fitar dashi a 2009, ana ba iyayen abinci mai maiko sosai, sai aka tarar kitse ya taru a hantar 'ya'yan tun suna ciki basu ma fito duniya ba, kuma abinda yafi daure min kai shine har uwar da bata yi kiba ba danta ya samu wannan matsalar. Dalilin kuwa dan tayi baya samun wurin ajiye kitse a karkashin fata sai can karshen ciki, to rarar da take ketarowa ta mabiyiya ina zata? Sai hanta. Amma da aka mayar da iyayen kan abinci mai kyau a cikin da ya biyo baya, hantar 'ya'yan ta samu sauki. A 2008 kuma masu bincike a jami'ar Rockefeller da ke New York sun nuna a jikin beraye cewa yawan maiko lokacin ciki yana kara kwayoyin kwakwalwa masu tada yunwa, 'ya'yan su taso da yawan ci da son maiko. Eh dabbobi ne, a mutane abin yana cakude da kibar uwa da sugan ciki da gado, amma ni dai wannan ya isheni hankalta.

Kar kuma wata ta karanta ta dauka cewa nayi a daina cin mai, a'a, wannan ma cuta ce. Bitamin A, D, E da K basa shiga jiki da kyau sai da mai, kuma kwakwalwar jariri da idonsa suna bukatar wani mai da ake kira DHA, dangin omega-3 da ake samu a kifi mai maiko, a watanni ukun karshe yafi taruwa. A 2018 kungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta hada gwaje-gwaje 70 ta ga omega-3 ya rage haihuwar bakwaini kafin sati 37 da kashi 11 cikin dari, kafin sati 34 kuma da kashi 42. Wanda ake cewa a rage shine kitse mai daskarewa da man da masana'antu suke daskararwa su zuba a kayan kwalama. Hukumar Lafiya ta Duniya tace na farkon kar ya wuce kashi 10 cikin dari na kalorin yini, wato ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki, na biyun kuma kar ya wuce kashi 1.

Sannan zancen nan na "ki ci ai ku biyu ne" yana cutar damu. A wata ukun farko kusan ba wani karin da jiki yake nema, a tsakiya karin kalori wajen 340 ne a rana, a karshe wajen 450, kuma giram daya na mai kadai kalori 9 ne, kinga soye-soye kadan ya cike wannan har ya zarce.

Bana so a dora wa mata laifi, mai ciki tana fama da laulayi da kwadayi, wani lokacin abinda ta iya hadiyewa kenan, kuma sau da yawa ba ita take cefane ba, don haka mazaje ma da su nake. Rokona Edita ku gayyato likitan mata da masanin abinci a shafinku na lafiya suyi wannan bayani da Hausa dalla-dalla, su fada mana wane mai, nawa, kuma tun yaushe ya kamata a fara kafin ma a dauki cikin.

Wassalam,
Wata uwa mai bibiyar jaridarku