A riƙa duba bishiyoyi kafin a ba da izinin gini

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin tsara birane a ƙananan garuruwa. Jami'in duba gini kan zo ne bayan bango ya tashi, alhali lokacin zuwansa shi ne an haƙa ramin harsashi, ba a kai ga zuba kankare ba. Bishiyoyin da ke filin kuwa, ko a taswira ba a sa su.

Mafi yawan saiwar bishiya tana cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma takan wuce inuwar rassan. A auna kaurin gangar bishiyar, a ninka sau 12, a kewaye wannan tazara daga jikin gangar ta kowane ɓangare. Kada a haƙa rami, a jibge yashi ko a kwaɓa siminti a ciki, domin ƙasa na danƙarewa saiwa ta rasa iska, sai bishiyar ta bushe bayan wasu shekaru, magini ya daɗe da tafiya. A ƙasa mai laka kuma, babbar bishiya kusa da gida tana zuƙe danshi da rani, ƙasa ta tsuke, bango ya tsage.

Ya kamata izinin sare bishiya ya zama a rubuce, da sharaɗin dasa wata nesa da wayar lantarki da magudanar ruwa.

Naka mai karatu.