Barka da Sallah daga Manchesta

Manchesta, Ingila
Lahadi, 1 ga Shawwal 1446 (30 ga Maris 2025)

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana cikin rai da lafiya. Kafin komai ki shiga ɗakin Hajiya ki durƙusa a madadina, ki ce mata 'yarta ta nesa tana gaishe ta, tana neman gafara da albarka. Ki gaishe da Baffa da Gwaggo da maigidanki da yara kaf. Abban yara ma yana miƙa gaisuwa, ya ce a yi masa afuwa, kiransa na nan zuwa bayan la'asar.

Sallar bana ta zo mana da abubuwa uku rana ɗaya. Cikin dare aka tura agogon ƙasar nan gaba da awa guda, yadda suke yi duk ƙarshen Maris, saura ƙiris mu makara Idi. Amfanin abin shi ne daga yau har Oktoba agogonmu da naku ɗaya ne, ba sai Hajiya ta riƙa lissafi kafin ta kira ba. Sannan yau ce ranar iyaye mata a wurinsu. Kan hanyarmu ta dawowa daga Idi duk wanda na gani riƙe yake da furanni zai kai wa mahaifiyarsa, ni kuwa tawa tana Zariya. Na yi ƙwalla a cikin bas, ban ɓoye ba. Da na dawo na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewar da na samo a shagon 'yan Pakistan, na jefa daddawar nan da kika aiko. Gidan ya ɗauki ƙamshi har ƙaramin ya ce ƙamshin gidan Hajiya yake ji.

Daga nan zuwa ƙasa magana ce tsakanina da ke, ba sai kin karanta wa Hajiya ba.

Na ga bidiyon da kika tura zauren gida na WhatsApp cikin goman ƙarshe, na maza biyu suna rawa riƙe da juna a talabijin, na kuma saurari muryarki har sau uku kina cewa mu tattaro yaran nan mu dawo da su tun kafin su lalace. Na san ƙauna ce ta sa ki faɗa. Ban amsa ba a lokacin saboda bakin azumi, kuma maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu.

Na san shirin sarai, don duk daren Asabar daga Satumba zuwa Disamba ni nake jera kujeru a gaban talabijin a gidan kula da tsofaffin da nake aiki. Sunansa Strictly Come Dancing, BBC ke nuna shi tun 2004. Ana ɗauko sanannun mutane waɗanda ba su iya rawa ba, ɗan wasa, ɗan jarida, mai barkwanci, a haɗa kowanne da ƙwararre ya koya masa cikin mako guda. Alƙalai huɗu ne, kowa yana ba da maki daga ɗaya zuwa goma, jama'ar gari kuma su kaɗa ƙuri'a ta waya, duk mako a sallami mutum ɗaya da abokin rawarsa. Tsofaffinmu ba sa wasa da shi. Wanda ya manta sunan ɗansa ma sai ki ji ya tuna sunan alƙali.

Yaya, ranar da na fara ganinsa a 2021, abin da ya fara sa ni sunkuyar da kai shi ne namiji rungume da matar da ba tasa ba, ƙirji da ƙirji, ga suturar da ba ta kai ta kawo ba. Ki tuna bikinki. Ranar kamu wa ya yi rawa da wa? Mu ne mata zalla a tsakar gida, ana kiɗan ƙwarya, Gwaggo ta ja hannuna ta shigar da ni fili ana guɗa. Maza suna can waje. A kasuwa abokai maza biyu sai su yi tafiya riƙe da hannun juna, ba mai ɗaga ido ya kalle su. A nan kuwa mace da namiji su rungumi juna a bainar jama'a shi ne al'ada, maza biyu su riƙe hannu shi ne labari. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Sai dai ba zan rufe ki ba, abin da kika gani ba irin rawar kamu ba ce, yana ɗauke da ma'ana, kuma masu shirin sun san da ita. Shekara goma sha shida ana yin sa mace da namiji kawai. A 2020 aka fara haɗa mata biyu: Nicola Adams, 'yar damben da ta ci lambar zinare a wasannin Olamfik na Landan a 2012 ta sake ci a 2016, da ƙwararriya Katya Jones. Ita Nicola ce ta nemi a haɗa ta da mace, kuma ba ta taɓa ɓoye yadda rayuwarta take ba. Ba su yi nisa ba, korona ta kama Katya, dole suka fita. Wannan a bakin abokan aiki na ji, lokacin ban zo ba. Wanda na gani da idona shi ne na 2021, John Whaite, wanda ya taɓa lashe gasar gashin burodi da kek a talabijin, da Johannes Radebe ɗan Afirka ta Kudu. Har zagayen ƙarshe suka kai. Wadda ta ɗauke kofin a shekarar wata yarinya ce kurma, Rose Ayling-Ellis, da ba ta jin kiɗan sai dai ta ƙirga taku a ranta. Bidiyon da kika turo kuwa na 2023 ne, Layton Williams da Nikita Kuzmin, su ma sun kai ƙarshe ba su ci ba. Haɗin na gasa ne, ba aure ne tsakaninsu ba, amma saƙon a fili yake: ana nuna wa ƙasa cewa masu neman jinsinsu suna cikinta kuma ba za a ɓoye su ba. Tun 2014 doka ta ba su damar aure a Ingila, shekarar da aka sa hannu kan dokar hana shi a Najeriya.

Kada ki ɗauka kowa a nan ya yarda. Akwai wani dattijo a wurinmu, tsohon direban jirgin ƙasa, da zarar maza biyun sun fito sai ya ce in tura kekensa in mai da shi ɗaki. Ina tura shi, ba na ce masa komai. Ya girma a zamanin da abin laifi ne a dokar ƙasar nan, sai a 1967 aka fara sassauta ta. A 2019 ma da ƙwararru maza biyu suka yi 'yar rawa tare a shirin, mutane sun rubuta wa BBC ƙorafi.

Amma bari in ba ki labarin wata tsohuwa da nake kira Kaka. Ta haura casa'in, ƙarama ce kamar tsuntsuwa, kullum da jan baki ko ba ta da lafiya. A daren da John da Johannes suke wata rawa sai ta daki hannun kujera ta ce, ku dubi ƙafafunsu, sun yi musaya. Ni ban ga komai ba. Ita ta fahimtar da ni cewa a irin wannan rawa mutum ɗaya ke ja, ɗaya na bi. Mai ja yana tafiya gaba, mai bi yana ja da baya ba ya ganin inda za shi, tafin hannun da ke bayan kafaɗarsa ne kawai ke gaya masa ya juya ko ya tsaya. A al'ada namiji ke ja. To su biyun nan sukan karɓi jan daga hannun juna a tsakiyar kiɗa ba tare da taku ya ɓace ba, kuma ta ce wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na tambaye ta ko abin bai dame ta ba. Ta ce ita da yayarta ta koyi rawa, a kicin, lokacin yaƙin duniya na biyu da samari duk sun tafi soja. A zauren rawa na hasumiyar Blackpool, wanda shirin kansa yakan je a watan Nuwamba, ta ce 'yan mata bibbiyu suke cika fili in maza sun yi ƙaranci. Bayan mijinta ya rasu ma da ƙawarta ta ci gaba da zuwa rawar yamma ta tsofaffi, don zawarawa sun fi mazan yawa.

Sai ta miƙo mini hannu ta ce in tashe ta. Na ji tsoro, don in ta faɗi ni ce da amsa tambaya. Na ɗaga ta a hankali, ta ajiye sandarta, ta kama hannuna na dama da nata na hagu, ta ɗora ɗayan a bayana. Ta ce ita za ta ja. Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku. Ina sanye da hijabina da rigar aiki, ina ja da baya cikin silifas ɗin roba, ina jin ƙasusuwan yatsunta da ƙamshin hodarta. Matar da ba ta iya zuwa banɗaki sai an riƙe ta, ga shi da ɗan matsa tafin hannu kawai tana juya ni. Taku bai fi goma sha biyu muka yi ba numfashinta ya gaza, na zaunar da ita. Ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan yayarta. Daga ranar duk Asabar sai mun yi, har sanyin bana da ta kwanta. A Janairu ta rasu, ina wurin.

Yanzu maganar yara, wadda ita ce ainihin damuwarki, kuma tawa ce fiye da yadda kike zato. Ba ma kunna shirin a gida, amma ranar Litinin duk ajin babbar 'yarki hirarsa ake yi. Shekararta tara ta dawo ta tambaye ni, Umma, me ya sa maza biyu suke rawa tare? Gabana ya faɗi. Na so in ce ta rufe mini baki yadda aka yi mana, sai na tuna in na kore ta waya za ta je ta tambaya. Na zaunar da ita a kan sallaya bayan magariba. Na gaya mata a addininmu aure tsakanin mace da namiji ne, haka Allah Ya shar'anta mana, a kan haka muke kuma a kai za mu mutu in sha Allahu. Na gaya mata a ƙasar nan akwai masu rayuwa a kan wata hanya daban, dokarsu ta ba su dama, za ta gamu da su a makaranta da asibiti da wurin aiki. Na ce ban yarda ta zagi kowa ba, ban yarda ta shiga cikin masu yi wa wani yaro dariya ba. Ta san zafin abin, don an taɓa jan ɗankwalinta a filin wasa ta dawo tana kuka.

Abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, shi ne kalaman da suka biyo bayan bidiyon a zauren gida, har da mai cewa a ƙone su. Kin san wa ya karɓi aikina na yau don in je Idi da 'ya'yana? Wani abokin aikina ne Bature, wanda namiji yake aure. Duk azumin nan shi yake duba agogo ya ce in je in sha ruwa zai riƙe mini tsofaffina. Ranar da Kaka ta rasu shi ya tsaya tare da ni muka gyara ta. Ya san matsayin addinina, ban taɓa ɓoye masa ba, bai kuma taɓa neman in canza ba. Da na karanta kalmar nan fuskarsa na gani, na kasa cin abincin sahur. Ki yi wa yaran gidan magana, ke suke jin nauyi. Wayar tana hannun 'ya'yana su ma, suna karanta Hausa, kuma daga bakinmu suke koyon yadda Musulmi yake magana.

Batun dawowa ban rufe ƙofa ba. Ni da Abbansu muna tattaunawa kan babbar ta zo ta yi ko shekara biyu a gaban Hajiya in ta gama firamare, ta samu Islamiyya mai ƙarfi, Hausarta ta zauna. A nan suna zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, ta kai izu biyar, ƙaramin yana Amma. Ki taya mu da addu'a da shawara, ki kuma tambayo mini kuɗin makarantar da naki suke zuwa.

Na tura goron Sallah ta asusun maigidanki tun jiya. A cire na maganin Hajiya na wata uku tukuna, sauran a raba wa yara, a ba Gwaggo nata a hannu. In za ku fita kallon hawa a ɗauko mini dawakan Sarki da kyau, ƙaramin bai taɓa ganin doki da ado ba sai a hoto. Kuma in an sami mai tahowa bayan Sallah, kuka da kuɓewa busasshiya sun ƙare mini.

Wassalam,
Ƙanwarki