A kai maganar ciwon daji har bakin rumbu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron shirinku na lafiya daga nan Legas, kuma ina da roƙo game da yadda ake maganar ciwon daji. Duk ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, mukan ji an yi tattaki a manyan birane, likitoci sun yi bayani. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai manoman da muke sayar da amfanin gonarsu a Mile 12 da Agege, maganar ba ta isa kunnensu. Su ne ke iso mana da kansu, bayan ciwo ya riga ya ci jiki.

Duk ɗan Arewan da ke zaune wajen Idi-Araba ya san irin waɗannan baƙin. Dattijo ne ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ko uwa da ta ɓoye ƙululu a mama shekara da shekaru saboda kunya. An sayar da shanun huɗa, an jinginar da gona, an kwana a mota. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba yana da cibiyar masu ciwon daji da aka buɗe a 2019, da na'urar gasa ciwon daji, amma irinta kaɗan ne a ƙasar nan. A Arewa sai mutum ya nufi wurare irin su Shika ko Sakkwato ko Abuja. Kuma na'ura ba ta dawo da lokacin da aka ɓata a gida.

Abin da ya fi riƙe mutane shi ne maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an yi allura ko tiyata sai ya bazu. Ba na ganin laifinsu, domin abin da idonsu ya gani ke nan: an kai wane asibiti, an yi aiki, bai dawo ba. Ba wanda ya zauna ya faɗa musu cewa ciwon ya riga ya bazu tun kafin a kai shi, kuma waɗanda aka gano nasu da wuri da yawa suna nan da ransu.

Malam Edita, akwai dajin da ke farawa daga gona. Idan mata suka zauna tsintar gyaɗa, mai kyau ita ake zubawa a buhu a kawo mana Kudu. Wadda ta yi funfuna ko ta yamutse ita ke zama a gida, a yi ƙuli-ƙuli da kunu da ita. Haka masarar da aka shanya a ƙasa, aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba. Wannan funfunar tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke jawo dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tafasawa ba ta kashe ta. Shanya a kan tamfol da zubar da ruɓaɓɓiya suna rage ta sosai, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don haka. Manomi nawa ne suka taɓa jin sunansa?

Ga kuma tsargiya a wuraren noman rani. Yaro yana fitsarin jini, a ce ai alamar girma ce. Tsutsa ce da ake ɗauka a ruwan fadama da madatsai, in ta daɗe a jiki tana iya kaiwa ga dajin mafitsara, alhali ƙwayoyi kaɗan ke maganinta. Rigakafin ciwon hanta na B kuwa ana yi wa jariri tun ranar haihuwa, sannan tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, don kare su daga dajin bakin mahaifa.

Mu ma mazauna Legas da namu nauyin. Kuɗin da muke haɗawa a kasuwa idan an kawo mara lafiya a galabaice, da kaɗan daga cikinsa muka tura tun ranar da aka ce an ji ƙululu ko jini ya ƙi tsayawa, da ya fi amfani. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa za su iya sa wannan a bakinsu, direbobinmu ma kullum suna hanya.

Roƙona gare ku, ku ware wa manoma shiri na musamman, a sa shi bayan sallar isha'i lokacin da suka dawo daga gona, musamman gab da kaka kafin a zuba hatsi a rumbu. Ku haɗa likita da malamin gona da ungozoma, ku kuma nemo waɗanda aka yi wa aiki suka warke, su yi magana da bakinsu.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas